Na Faɗi Ciwonki a Teburin Lyon

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ɗiyarki ce Rabi, daga Faransa. Na zo miki da labari, na kuma zo da laifi.

Kin bar ni ina aikin likita a Damagaram. Bayan rasuwarki na taho nan neman gurbin ƙwarewa a kan ciwon ƙoda. Asibiti biyu kaɗai suka kira ni ganawa, ɗaya a Paris, ɗaya a Lyon, ga takardar zamana ta kusa ƙarewa. In ban samu gurbi ba, sai in tattara in koma gida hannu rabbana.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, bayan ganawar ofis, shugaban sashe kan gayyaci masu neman gurbin zuwa cin abincin yamma tare da likitocinsa. Ashe a can ake auna mutum.

A Paris na yi yadda kika koya mini: "In kina ci da manya, ido a kwano, baki a rufe, in kin ƙoshi ki tashi." Wallahi Inna, ko ɗaya ban bari ba. Na sunkuyar da kai, na cinye nawa, na naɗe hannu, su kuwa ko rabi ba su kai ba, sai surutu kamar ranar kasuwa. Farfesan da ke shugabantar sashen ya ce ko ina da tambaya, na ce a'a, na gode. Wace ni da yi wa babba tambaya? Kafin a kawo cuku na yi sallama na kama jirgin ƙasa zuwa Sevran, unguwar da nake zaune a gefen Paris, ina ta yabon kaina.

Wani suka ɗauka.

Anti Mariyama, 'yar Maraɗin da nake zaune a wurinta, ta daɗe tana aikin jinya a nan. Da na ba ta labari sai da ta yi dariya har da hawaye, sannan ta zaunar da ni. Ta ce a wurin mutanen nan, wanda bai kalle ka ba wani abu yake ɓoyewa, wanda bai yi tambaya ba kuma ba ya son aikin. Kwana uku tana horar da ni a kicin: in yanka kaɗan, in ajiye cokali, in ɗaga kai, in yi magana. Giya kuwa in ce ba na sha, sau ɗaya, ba wa'azi, ba ban haƙuri. Ni da nake saka wa mutum allura a jijiyar wuya, ga ni ana koya mini cin abinci.

A Lyon shugabar sashen mace ce, dattijuwa. Na ci kifina a hankali. Na kalli idonta, ko da yake wuyana da kansa yake neman sunkuyawa. Har tambaya biyu na yi. Can sai ta ajiye cokalinta, ta ce me ya sa na zaɓi ƙoda.

Ina da amsar da na haddace, mai kyau, irin ta littafi. Ba ita ta fito ba, Inna. Ke na faɗa.

Na gaya musu yadda ƙafafunki suka kumbura, kika riƙa sakin zane har ƙasa don kada maƙwabta su gani. Yadda kike ce wa masu gaisuwa gajiya ce kawai. Yadda ni, ɗiyarki likita, ban gane ciwon ƙoda ne ba sai da lokaci ya ƙure, don ke kin ɓoye, ni kuma kunya ta hana ni ɗaga zanen. A gadon asibiti kin sa na yi alkawarin ko ƙannenki ba za su ji ba. Shekara huɗu ina riƙe da shi, na zo na kwance shi gaban mutum takwas da ba su ma san sunanki ba, da guntun burodi a hannuna.

Dattijuwar ta zuba mini ruwa da kanta, aka ci gaba da hira.

Jiya suka kira, na samu gurbin. Anti ta rangaɗa guɗa, ni kuwa na shige ɗaki na yi kuka, don har yanzu ban sani ba ko ilimina suka ɗauka ko ciwonki.

Ki yafe mini, Innata. Na karya miki alkawari, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce na yi nadama duka ba. Abu ɗaya na sani: duk tsohuwar da ta zauna gabana da zane har ƙasa tana cewa gajiya ce, sai na ɗaga zanen nan, ko za ta ji haushina.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sa ciwon da kika ɓoye ya zama kankarar zunubi, ya haɗa mu a inda babu ciwo.

Taki har kullum,
Rabi