Aljanin da Ya Sara wa Jaki

Kusada, 3 ga Maris, 1999

Zuwa ga taubashina Kabo,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da ƙaton kan nan naka. Littafinka na biyu ya iso ta hannun direban motar Kankiya. Wallahi tun da idon Baba ya rufe ban ji dariyarshi ba sai a kan Sufeto Mamuda. Wurin da ya kama aljanin da ke acaba babu lasin a tsakiyar birni, sau uku na karanta mashi, har ya ƙware da kunu.

Jikin dai ga shi nan. Kullum da safe sai ya sa tsohon kakinshi na masinjan sakatariya, ya rataya jakar da babu komai ciki, ya zauna ƙofar gida. Jiya ya ji takun jaki, ya miƙe ya sara mashi, wai Ciyaman ne ya iso. Na shige ɗaki na yi kuka. Kai kaɗai na faɗa wa, don kawunka ne. Ka yi maza da na uku.

Taka,
Ummusalma

Kankiya, 20 ga Yuli, 1999

Ummusalma sarkin mita,

Gaisuwa da fatan alheri. Ga na uku nan da zafinshi. A nan Kankiya har layi ake yi wurin mai hayar littattafai, wani malamin makaranta daga Rimaye ya ce bai taɓa dariya irin wannan ba. Ki duba babi na huɗu, akwai sabon mutum. Ki gaida Kawu Rabe.

Naki,
Kabo

Kusada, 26 ga Yuli, 1999

Kabo,

Na gaishe ka don an hore ni da gaisuwa. Na ga sabon mutumin. Tsohon aljani makaho, masinjan ofishin Sufeto, mai kaki da jaka wayam, wanda ya sara wa jaki har jakin ya ba shi hutun kwana biyu. Ko sunan ba ka wahalar da kanka ba, Rabe ka mayar Rabo. Kai wane irin mutum ne? Mutumin nan shi ya kai ka firamare a kan kekenshi.

Na tsallake babin ban karanta mashi ba. Ya ce labarin ya yi tsalle, na ce kuskuren maɗaba'a ne. Amma littafin ya shigo Kusada. Don Allah ka janye shi kafin ya kai majalisar ƙofar gidanmu.

Ummusalma

Kankiya, 2 ga Agusta, 1999

'Yar kawuna,

Bayan gaisuwa. Haba, yaushe aka fara fushi da wasan taubashi? Ke na tsokana, ke kika ba ni labarin, kuma kin san tsakaninmu babu riƙo. Janyewa kuwa ba ta taso ba, an ma koma bugu na biyu. Mutane Rabo suke so fiye da Sufeton kanshi. Shekara talatin Kawu yana kai takardu ba wanda ya san da shi, yau ga shi a bakin kowa. Ai gode mani ya kamata ki yi.

Naki har kullum,
Kabo

Kusada, 9 ga Agusta, 1999

Kabo,

Ni ce taubashiyarka, Baba ba abokin wasanka ba ne.

Ranar Juma'a Ɗanmaliki mai shayi ya karanta babin a majalisa, Baba na zaune. Ya yi dariya tare da su, sosai ma, har aka zo wurin jakin. Nan dariyarshi ta tsaya. Wani ya yi kukan jaki daga baya, aka sake fashewa. Ya lalubo sandarshi ya shigo gida, ya cire kakin ya ninke, ya tambaye ni wa na faɗa wa. Na ce kai. Ya ce, “Ashe ke ma kina kallona.”

Kwana uku ke nan bai fita ba, ko masallaci. In na kai abinci sai ya juya wa bango fuska. Na tsane ka, Kabo, kuma na tsani hannuna da ya rubuta maka.

Ummusalma

Kankiya, 12 ga Agusta, 1999

Ummusalma,

Gaisuwa. Allah ya ba Kawu lafiya. Wani abu ne ban gane ba a takardarki: da ya juya wa bango fuska, magana yake yi shi kaɗai ko shiru yake? Ki amsa kafin Laraba, ranar nake kai littafi na huɗu maɗaba'a a Kano.

Naki,
Kabo