Ɗakin Mutum Ɗaya a Arizona

Dalton nawa, sanyin idona, inuwata a tsakar rani, ruwan ƙoramar nan da ke fitowa daga cikin dutse da sanyinsa ko da rana ta ƙwalle, baban Junie, mijina. Ni ce, Twila. Ka san ba rubutawa zan yi ba, baƙaƙen nan rawa suke mini a ido tun ina ƙarama, shi ya sa na danna wayar nan nake faɗa mata, ita kuma ta kai maka. Na hawo tudun coci ne, tunda nan kaɗai waya ke kamawa. Junie tana kafaɗata ta yi barci, in ka ji wani ɗan gurnani numfashinta ne, kada hankalinka ya tashi. Na san kana cikin motar asibiti yanzu. Kada ka saurara kana tuƙi. Ka bari sai kun tsaya cin abinci, ka ɗan matsa nesa da Buck abokin aikinka, ba na so ya ji ya yi ta tsokanarka.

Ina sonka, da wannan zan fara, don kada abin da zai biyo baya ya sa ka manta. Ina sonka kamar yadda gajimare ke son kan duwatsun nan namu, da safe ya kwanta a kansu ya ƙi tashi. Ina sonka kamar yadda ƙasar lambu ke son ruwan farko bayan ƙanƙara ta narke. Kai ne zumar da ke kan burodin masarata, kai ne wutar murhu ranar da dusar ƙanƙara ta toshe hanya. Wa nake da shi a duniyar nan da ke kallona bai ga wawuya ba, in ba kai ba?

Ka tuna lokacin da nake da cikin Junie, bayana ya riƙe, ko takalmi ba na iya sawa? A lokacin kana bin tsoho Dokta Stidham kana kallon yadda yake aiki. Ka dawo ka share teburin cin abinci, ka kwantar da ni a gefe ɗaya, ka sa hannuwan nan naka a ƙuguna, a hankali, kamar mai lalubar ƙwai a ƙarƙashin kaza. Ka ce in ja numfashi, in saki. Sai na ji abin ya warware kamar an kwance igiya. Mamanka ta shigo da kwandon wanki ta tsaya, ta ce, "Kai Dalton, teburin abincina ne wannan ko asibiti? Sauke mini 'yar mutane kafin ka ɓalla ta." Kawu Elzie yana bakin ƙofa yana tauna tabarsa, ya ce, "Duk wannan ƙona fitila da ake yi, ashe maɗori za mu samu." Ka ce, "Kawu, likita ne cikakke, da magani da tiyata duka, hannun ƙari ne kawai ake koya mana." Ya ce, "To ka yi sauri ka gama, wuyan nan da ramin kwal ya murɗe mini yana jiranka, kuma ba biyanka zan yi ba." Ranar na yi dariya har bayan ya kusa sake riƙewa. Ranar na ce a raina, hannuwan nan ba nawa ba ne ni kaɗai, Allah ya yi su don mutane. Ban taɓa janye wannan maganar ba, Dalton, ko yau ban janye ba.

Da makarantun likitanci uku suka ce sun karɓe ka, wa ya fi ni murna? Ni na soya kaji, ni na bi gida-gida a kwarin nan ina faɗa. Ta bakin teku ka sake ta tun farko, ka ce cunkoson garin zai haukata ka. Saura biyu. Ta bayan dutse, wadda mutum zai tafi da safe ya dawo ya ci abincin yamma a gidansa, da ta Arizona, can cikin hamada, wadda sai an hau jirgin sama.

Na ga fuskarka da ka dawo daga ta bayan dutse. Ka ce, "Mutanen kirki ne, kamar mu suke magana." Ka cire takalmi ka zauna. Na kuma ga fuskarka da ka dawo daga Arizona. Ko jaka ba ka ajiye ba. Kana ta ba ni labarin katon asibitin da ɗalibansu ke shiga, da likitan ƙashin da ya bar ka ka tsaya a bayansa kana kallo yana haɗa ƙafar wani yaro, da sama wadda ka ce ba ta da iyaka, babu dutsen da ya tare ta. Idonka yana ƙyalli kamar rafi da hantsi. Ban taɓa ganin wannan ƙyallin ba sai ranar da aka miƙa maka Junie. Ban yi makaranta ba, amma fuskarka na iya karanta ta, ita ce kaɗai littafin da na sauke.

Duk da haka, ranar Lahadi a kan tebur ka ajiye cokali ka ce ka zaɓi ta bayan dutse. Mama ta yi kuka ta rungume ka. Fasto ya faɗa a coci aka tafa. Ni ma na tafa. Na ce ko idona ne ya yi mini ƙarya, na gode wa Allah, na yi barci mai daɗi tun daga ranar.

To, ɗazu da hantsi wayar gida ta yi ƙara. Lambar gida ka ba su, tunda ta hannu ba ta kamawa a kwari, ina jin ka manta da hakan. Wata mata ce mai murya mai laushi, ta ce daga ofishin gidajen ɗalibai take, can Arizona. Na ce, "Ranki ya daɗe, ai ya fasa, ta nan kusa zai yi." Ta ce, "A'a, kujerarsa tana nan a riƙe. Ana yin haka, ba laifi ba ne, mutum ya riƙe kujeru biyu har ranar da za a ce ya saki ɗaya. Ranar kuwa Juma'ar nan ce." Ta ce, "Ke ƙanwarsa ce?" Na ce, "Matarsa ce." Na ji tana taɓa wani abu a gabanta. Can ta ce, "To, abin da ya sa na kira, ɗakin mutum ɗaya ya nema, an samu, ina so in ji ko a ajiye masa."

Ɗakin mutum ɗaya, Dalton.

Ina riƙe da wayar, waken da na ɗora yana ƙonewa, ina jin ƙaurin amma ban je na sauke ba. Kamar ka san yadda ƙasa ke zamewa daga gefen dutse bayan ruwa ya yi yawa, ba ƙara, ba gargaɗi, sai dai ka duba ka ga hanya babu? Haka na ji.

Ban ce ka daina sona ba. Da haka ne da na gani, da na ji a hannunka. Na san abin da ka tuna. Ka tuna ranar da muka kai Junie babban asibitin Lexington, ka ce in jira ka ka ajiye mota, ni kuma na bi wata ƙofa na ɓata. Alluna ko'ina, kibiyoyi ko'ina, kowa yana sauri, na kasa tambayar kowa don kada su ce, ga shi nan a rubuce a gabanki. Ka same ni a tsugune a bayan injin sayar da lemo, na ƙanƙame yarinya ina rawar jiki. Ba ka yi faɗa ba. Ka ɗaga ni ka ce, "Ba zan sake kai ki inda za ki ji haka ba." Na ɗauka maganar lallashi ce. Ashe alkawari ka yi wa kanka, ashe shi kake cikawa yanzu a ɓoye. Na kuma ji Mama da kunnena tana ce wa Anti Ozella, "Twila tsiron inuwa ce, ka fitar da ita rana ta ƙone. Ta zauna nan wurina, shekarun nan kamar gobe ne." Ban ji haushinta ba, tana sona. Amma kai ma haka ka gan ni?

Bari in faɗa maka abin da ya fi Lexington ba ni tsoro. Sirinjin maganin ciwon ƙirjin Junie. Kai ka ɗauki jan farcena ka ja layi a jikinsa, ka ce, "Nan za ki tsaya, kada ki wuce, kada ki gaza." Duk sanda ta ƙara nauyi, kai kake ɗora ta a sikeli, ka goge layin ka ja sabo. Yarinyar nan girma take kamar kabewa a damina. In kana can bayan duniya, ƙirjinta ya fara wannan kukan, leɓenta ya fara canza launi, wa zai matsar da layin? Mama ba ta gani sosai, kuma ita maganinta man shafawa ne da albasa a cikin safa. Wa zai sa kunne a bayanta ya ce mini, wannan na gida ne, ko kuwa, wannan ɗauko mayafinta mu tafi? Ni ban san bambancin ba, Dalton. Duk iri ɗaya nake jin su, duk mutuwa nake ji.

Kuma ni fa? An ce a makarantun nan ɗalibai a jikin juna suke koyo, yau ka taɓa wuyan wannan, gobe wata ta taɓa haƙarƙarinka. Ba kishi nake ba. To, ina yi kaɗan. Amma ba hannunsu nake tsoro ba, bakinsu nake tsoro. Za su yi maka magana da manyan kalmomin da ka sani su ma suka sani, ku yi dariyar abin da ni ko an fassara mini ba zan gane ba. Ka dawo hutun Kirsimeti ka zauna a teburinmu kamar baƙo mai ladabi, ka ce abincin ya yi daɗi, ka rasa abin da za ka ƙara. Itacen da aka dasa a wata ƙasa, in ya yi saiwa a can, wa ya taɓa dawo da shi? Gara in ƙone a ranar Arizona ina kusa da kai, da in yi kore shar a inuwa kana mantawa da ƙamshina.

Ban gama ba ka labarin matar ba. Tana jira a waya, ta ce, "Kina ji na?" Na ce, "Ranki ya daɗe, an yi kuskure. Mu uku ne. Shi, da ni, da 'yarmu, kuma 'yar tana da ciwon ƙirji, sai a nema mana inda ba hawa bene da yawa." Ta ce, "Na iyali akwai layi, ban yi miki alkawari ba." Na ce, "A sa mu a layin." Ta ce, "To wancan ɗakin fa?" Na ce, "A ba wani." Ta ce, "Na sa ku. Amma in yana son ya koma yadda yake, shi zai kira da kansa kafin Juma'a." Na yi mata godiya. Na ajiye wayar, na fita bayan gida na yi amai.

Ga shi na faɗa maka, ban ɓoye ba ko na yini ɗaya. Ban taɓa kujerarka ba, ba ni da wannan ikon, kuma ba na so. In ta bayan dutse ka zaɓa da zuciya ɗaya, zan durƙusa in sumbaci ƙasar kwarin nan. Amma kada ka zaɓe ta don ni, ka zo kana kallona shekara da shekaru kamar ni ce dutsen da ya tare maka sama. In Arizona ce, ka tafi da mu. Zan ji tsoro, ban ce ba zan ji ba. Zan ɓata a kantuna, zan yi kuka a tashar mota, zan kira Mama kullum har ta gaji da ni. Ka bi da ni hanyar asibiti da ƙafa har sai ƙafata ta haddace, ka nuna mini launin motar da zan hau, sauran ka bar mini. Na yi jinyar kakata ni kaɗai tun ban kai tsawon murhu ba, har ta cika a hannuna. Ba abin da ban iya ɗauka ba in na san da yamma za ka turo ƙofa.

In kuwa ka saurari duk wannan, har yanzu kana ganin kai kaɗai ya kamata ka tafi, to ka kira matar. Ka faɗa mata da bakinka cewa kai mutum ɗaya ne. Sannan ka zo gida ka faɗa mini, ido cikin ido, ba a kan teburin Lahadi ba, ba a gaban Mama ba. Ba zan yi ihu ba. Zan wanke maka kaya in ninke, in jira ka kamar yadda ƙasa ke jiran bazara a ƙarƙashin ƙanƙara, ba don ta tabbata ba, don dai ba ta san wani abin yi ba. Amma ina roƙonka, hasken raina, kada ka sa ni in koyi wannan jiran.

Hadari yana haɗowa ta yamma, dole in sauka kafin ya jiƙa mini yarinya. Ban gaya wa kowa ba, kuma ba zan gaya ba sai ka dawo.

Taka ce ni, a kwarin nan ko a hamada, da kai ko a bayanka, har ranar da za a rufe ni da ƙasa. Ba ni da wani mijin a zuciya, kuma ba zan yi ba.

Twila, matarka. Mu biyu muna gida.