Gadon Shan Iska a Ƙofar Gidan Mama

Port Hedland

Yaya Apii,

Kia orana, sannu irin ta garinmu, babbar yaya! Gaisuwa irin ta manya daga ƙaninki Nooroa, wanda daga yau in zaki kirashi sai ki ƙara da Mai Gidaje. Ya kawunmu Papa Tutai da ƙafarsa, ya yara, ya mijinki Teina, har yanzu kifi na ganin jirginsa yana gudu? Nace bari in rubuto tunda kince in na kira waya bana barin mutum ya sa baki. Sharri ne amma naji.

Yaya na gama kwas. Wani bature ne yake koyarwa a intanet, haƙoransa farare tas kamar sabon faranti, yace mai wayo baya zama kusa da gidan hayarsa, yana can wata ƙasa yana minshari gida na masa aiki. Sauran ƴan ajin duk sai sun nemi gidan saye. Ni kuwa dariya nayi har na kusa faɗowa daga gado, nace ga gidan Mama can a Titikaveka a bakin ruwa, tunda ta rasu ƙadangaru ne kawai ke kwana ciki ko sisi basa biya.

Na riga na sa shi a shafin masu yawon buɗe ido. Waɗannan suyi ƴan kwanaki su tafi, wasu su zo. Akwai wata yarinya Kylie zata zo ɗaukar hoto, ki bata makulli. Ke naki shara ne da canza zanin gado, zaki ga alheri. Nan da baɗi na bar tuƙa motar mahaƙar ƙarfen nan, jar ƙasarsu ta isheni, ko majina na fyace ja ce.

Maganar buɗe dutsen kabarin Mama a watan Agusta kuwa tana raina. Ranar da za'a lulluɓe sabon dutsen da mayafai dangi su ɗaga ɗaya bayan ɗaya, nine auta, mayafin ƙarshe nawa ne, waye zai ɗaga in ba ni ba? Har farar kwat na saya, in kika ganni ciki sai kin ɗauka sabon fasto aka kawo.

Ki gaida kowa har karen.
Naki, Noo Mai Gidaje


Titikaveka

Noo,

Muna lafiya, mun gode Allah. Papa Tutai yana amsawa, Teina ya ce ka zo ka kama kifin da kanka.

Na yarda da wannan haya ne saboda na gaji da share gidan da ba kowa a ciki. Yanzu bari ka ji abin da na tarar. Baƙinka na farko sun bar min gashi a magudanar banɗaki kamar mushen ɓera, da tukunyar da ta yi tsutsa. Na wanke.

Ranar Asabar na je kai tawul. Tun daga titi na hango mutum kwance a kan kabarin Mama, nan ƙofar gida, ƙarƙashin rumfar da muka yi mata. Ƙato ne, ja kamar dafaffen ƙaguwa, daga shi sai ɗan kamfai, ya jera matasan kai a kan tayil ɗin, kwalbar giya a daidai kan Mama. Matarsa ta shanya jiƙaƙƙun kayan wanka a ƙarfen rumfar, suna ɗiga.

Na ce, malam tashi! Ya ce, a'a baiwar Allah, ai mun biya. Ya miƙo min waya. Noo, hoton farko a shafinka kabarin uwarka ne. An kwashe furanninta, an shimfiɗa masa zane da matasai, an rubuta a ƙasa wai gadon shan iska mai kallon teku.

Ka cire hoton nan yau.

Allah ya kiyaye ka a wurin aiki.
Yayarka, Tereapii


Port Hedland

Yaya Apii ta kaina,

Gaisuwa da fatan hawan jinin ya sauka. Allah kuwa da na karanta zancen ƙaguwar nan shayi ya fito min ta hanci.

Kiyi haƙuri, Kylie ce, ƴar Auckland ce bata san komai ba, taga tayil mai kyau da rumfa ta ɗauka wurin hutawa ne. Nima da farko raina ya ɓaci sosai. To amma Yaya tsaya kiji. Na cire hoton na kwana biyu, shiru kakeji ko kare bai tambaya ba. Na maida shi sai waya ta hau ƙara kamar ƙararrawar coci. Baturen kwas ma yace kowane gida yanada abu guda da ke saida shi. Namu kenan.

Kuma ke kinsan Mama. Ta taɓa barin baƙo a tsaye? Matar da ke sauka daga kujerarta ta ba mai saida kankana? Da tana gani cewa zatayi a ƙaro masa matashi. Dutse bai hau ba tukuna, ba suna ba komai, wa aka cuta? Taurari biyar biyar baƙin suke bani na yabo a shafin Yaya, ƙaninki ya zama sama guda.

Sai wata ƴar magana ƙarama. Satin buɗe dutsen, wasu masu ɗaurin aure daga Melbourne sun kama gidan. Na manta ban rufe kwanakin a shafin ba. In na soke za'a zubar min da taurari a maidani can ƙasa inda ba mai ganina. Ki lallaɓa fasto da dangi a ɗaga zuwa Satumba. Mama ba inda zata je.

Naki mai sa ki dariya,
Noo


Titikaveka

Nooroa,

Ina gaisuwa.

Ban yi dariya ba. Na karanta wa Papa Tutai wasiƙarka, da na zo wurin "Mama ba inda za ta je" sai ya tofar da yawu ya ce in kai shi ɗaki.

Tunda ba ka cire hoton ba, kullum da safe nake zuwa in kwashe matasan, kullum a mayar. Wancan satin wasu samari suka fede kifi a kan tayil ɗin, wai tsayinsa ya yi daidai. Ɓawon kifi ya maƙale a tsakanin tayil, ƙudaje baƙi ƙirin, ƙarni har titi. Da buroshin haƙori na bi shi layi layi. Na samu ƙunzugun jariri a cuse a tukunyar furanninta. Akwai abin da na tsinta a ƙarƙashin zanen wanda ba zan rubuta wa ƙanina sunansa ba.

Jiya wata baƙuwa ta same ni a durƙushe ina wanki, ta ce, kai, kina ji da wannan benci! Na ce mata uwata ce a ciki. Noo, matar nan ta riƙe baki ta ruga bayan bishiyar kwakwa ta yi amai, don a nan suka ci abincin dare. Ta dawo tana kuka ta karɓi buroshin daga hannuna. Ba ta san Mama ba, ko sunanta ba ta iya faɗa daidai, amma ita ta ji kunya.

Ba za a ɗaga rana ba. Dutsen ya iso a jirgin ruwa. Anti Vaine da mutanenta sun sayi tikiti daga Auckland, an ware aladun da za a gasa, matan coci sun gama ɗinkin mayafan. Ka sallami masu aurenka, ka zo da farar kwat ɗinka.

Allah ya shirye ka.
Tereapii


Port Hedland

Haba Yaya,

Gaisuwa. Kin sa Anti Vaine ta kirani ta wankeni tas ina cikin mota, har abokin aikina Baz da baya jin yarenmu yace Noo wannan ko ni naji zafinta.

To naji, kuma na zauna nayi tunani irin na masu kai. Kinsan ni ba'a kawo min matsala ta kwana. Ga mafita, ki zauna kafin ki karanta don zaki yaba.

Damuwar duka ai wurin da Mama take ne. In dutse ya hau da suna da hoto, ba baƙon da zai kwana gidan, turawa tsoron kabari suke kamar me. To me zai hana a maida ita maƙabartar coci kusa da ƙawayenta? Tayi ta hira. Ko bayan gida wajen ayaba, akwai inuwa. Na tambaya ance ana yi, takarda ce kawai da mai tona. Ni zan ɗau nauyi, tayil ɗin ma wanda yafi wannan, mai sheƙi. Rumfar gaba sai a barta yadda take tunda an riga an santa a hoto. Kinga kowa ya huta, ba mai sake fede kifi a kan kowa.

Zuwa kuwa bazan samu ba a Agustan nan, manaja ya hana hutu, kuma gaskiya bana son masu auren su ganni a rikice. In an maida ita sai ayi biki guda babba, ni zan sayi aladun.

Faɗi gaskiya, akwai mai kai irin nawa a zuri'ar nan?

Naki har kullum,
Noo Mai Gidaje


Titikaveka

Nooroa,

An buɗe dutsen Mama ranar Asabar, a ƙofar gidanta, inda ta ce a sa ta. Masu aurenka sun fito baranda da kofunan shayi suka tarar da dangi cikin fararen kaya ana waƙa. Uban amarya ya shiga ya sa riga, ya dawo ya taya mu jera kujeru. Sun ci alade.

An ɗaga mayafai ɗaya bayan ɗaya, coci, dangin babanmu, dangin Mama, jikoki, ni. Da aka zo na ƙarshe fasto ya kira sunanka. Ya sake kira. Teina ya matsa zai ɗaga, Papa Tutai ya tare shi da sanda ya ce na auta ne.

Mayafin yana nan a kan dutsen, mun ɗaure shi da igiya saboda iska. Baƙinka na wannan satin suna ta tambayata mene ne a ƙarƙashi. Na ce su tambayi mai gidaje, na ba su lambarka.

Tereapii