Kwandon Mangwaron Inna

Zuwa ga Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigida da yara. Ya Kano? Ya ƙafar Amadu? Mu nan Alsawra a Sudan lafiya lau, alhamdulillahi.

Yaya, albishirinki, Inna ta fita! Kin san tun rasuwar Baba ko ƙofar gida ba ta leƙawa. To, ƙaninmu Musa ya sayi 'ya'yan bishiyar mangwaro guda a wani lambu a bakin Kogin Nilu, muka lallashe ta ta bi mu. Da ganin bishiyar ta ci ɗamara kamar lokacin da take cirar auduga a Jazira, ta ƙwace gorar kaɗo mangwaro daga hannun Musa. Da kwandonta ya cika, sai ta kai gaban mai lambun ta tsaya tana jira a auna, kamar yadda ta saba a gonar auduga.

Ya ce, "Hajja, a auna me? Ai naki ne."

Ta dube shi, ta dubi kwandon, ta zauna a ƙasa ta ɓare ɗaya ta sha, ruwan yana bin gwiwar hannunta. Wallahi har dariya ta yi!

Washegari muka dafa murabba, wato jam ɗin mangwaro, da sukari da lemun tsami, ita ke juya tukunya, tana mini faɗa wai na cika wuta. Kwalba ɗaya taki ce, tana ƙarƙashin gadonta. Ta ce ba za ta aika ba, ki zo ki ɗauka.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Rabi