Gwangwanaye a Lakar Inna

Zuwa ga ƙanwata Tening, a Kawlak,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya idon nata? Allah Ya sa aikin da za a yi mata ya yi kyau.

Tening, raina a ɓace yake. Kin san tun da Inna ta tafi jinya, matan tsibirin nan suka ɗora mini jagorancin aikin lakar bakin teku. Mu talatin da biyu muka kwaso ƙananan ƙumba, 'yan halittun ruwan nan masu ɓawo da muke ci muke sayarwa, kwando-kwando, muka zuba a lakar Inna, dattawa suka rufe wurin har ƙarshen rani don su girma. Sai ga baƙin tsuntsayen nan masu dogon baki sun sauko daga arewa. Kullum ruwan teku na janyewa daga kan laka, su ne sahun gaba, dubbansu, suna caccakar wahalarmu. Ni ina tsaye da ciwon baya, su suna walima. Na sa an kafa sanduna, an rataya gwangwanaye da tsummoki, mata biyu-biyu suna karɓa-karɓa wajen kora. Ki gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta, lakarta tana hannu mai kyau.

Yayarki,
Nyilan Sarr

Zuwa ga Yaya Nyilan,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, an yi wa Inna aiki a ido ɗaya, har yanzu dishi-dishi take gani. Na karanta mata wasiƙarki. Da na kai kan gwangwanaye sai ta ajiye cokali. Ga abin da ta ce, ban ƙara ba ban rage ba: "Shekara nawa Nyilan tana zama kusa da ni a kwalekwale, ruwa ya janye, ba ma sauka sai tsuntsaye sun ci sun tashi? Ta zaci hutu nake yi? Farkon janyewa nasu ne. Ta cire tarkacen nan."

Ni dai ban san laka ba, Yaya, alli na sani da allo. Amma tun jiya Inna take maimaita maganar.

Ƙanwarki mai biyayya,
Tening

Tening,

Na gaishe ki, na gaida Inna. "Nasu ne" fa? Da wane kwando suka zo aikin gayya? Na yi shekaru ina zama a kwalekwalen nan, ƙafata na ƙaiƙayi, rabin janyewa yana wucewa a banza, na yi shiru don girman uwa. Yanzu nauyin gida talatin da biyu ke wuyana, ba zan ciyar da tsuntsu ba.

Wata uku ke nan, ko gashin ɗaya ba ka gani a wurinmu. Sun koma lakar ƙauyen ƙetare, su je can su ƙarata. Cikin matanmu Daba Ndong ce kawai ke ƙunƙuni, wai ƙaguwa ta yi yawa, wai gansakuka ta fara rufe laka. Na ce mata, "Daba, ke da ko ruwan sha sai kin gano masa aibi." Mata suka kwashe da dariya. Kada ki karanta wa Inna layin da na mayar mata da magana a sama.

Nyilan

Tening,

Ina gaisuwa, amma ba ni da bakin tsawaitawa. Ranar Litinin aka buɗe laka. Mun fita da waƙa, kowa da rariyarta. Na kafa ƙafa, laka ta yi baƙi, tana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Gefen gabas duk ramukan ƙaguwa ne da fasassun ɓawo. Tsakiya kuma ƙumba ta cushe a kan juna, ba wadda ta kai girman farcen babban yatsa. Kin san doka: abin da ya bi ta ramin rariya laka ake mayar wa. Na girgiza, duk suka zube. Na sake, suka zube. Mu talatin da biyu ba mu cika kwando huɗu ba. A ranar, matan ƙetare suka wuce mu, kwalekwalensu har yana shan ruwa don nauyi.

Ba wadda ta zage ni, da ma sun zage ni. Daba ta ce, "Shugaba, tunda ke kika kawo dabarar gwangwani, kawo ta biyu. A saƙa rariya mai ƙananan ramuka, mu kwashe abin da ke nan, yara su ci." Da yawa sun goyi bayanta. Ranar Juma'a ta sama suke jiran amsata.

Na cire gwangwanayen da hannuna. Kwana uku ina zama a kwalekwale tun farkon janyewa, ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba. Ashe su ne ke cin ƙaguwa, suke rage cunkoson ƙumba har sauran su girma. Haushin kaina nake ji, Tening. Ki karanta wa Inna duka, har da wancan layin da na hana ki karanta mata. Ki tambaye ta abin da zan yi.

Nyilan

Yaya,

Muna gaisuwa. Inna ta ce kada ki taɓa ramukan rariya, ko da za su sauke ki daga shugabanci ranar Juma'a. Ta ce tsuntsaye sun koma arewa, lokacinsu ne, sai bayan damina, kuma ba ta yi miki alkawarin za su sauka a wurinmu ba.

Ta ce ki gyara mata mazauni a kwalekwale. Idon bai dawo ba, amma ta san kukansu daga nesa. Za ta zauna kusa da ke ku jira.

Ki huta lafiya,
Tening