Bugun Masaƙar Bompai

Daren Talata, Hotoro

Yau na bi ta Bompai a adaidaita. Masaƙar bayan tsohuwar makarantarmu ta zama sito, shiru kamar maƙabarta. Da bugun injinanta na riƙa koya wa yara karin waƙar Turanci a lokacin: in buɗe taga, su bi shi da dukan benci, sannan kowa ya rubuta baitinsa. Na daɗe da yanke cewa wahalar banza na sha.

Sai direban ya leƙo ni ta madubi. "Malam, ba ku gane ni ba? Sale ne, ɗan bencin baya. Turancin dai wallahi ya gudu, amma saurari." Ya shiga buga sitiyari da yatsu, bai kuskure ko sau ɗaya ba.

Har muka iso gida ban ce ya daina ba.