Tsamiyar Baba Rabo a Kan Takarda

Litinin, 7 ga Maris, 1977
Na'urar ganin kifi ta iso Mairuwa daga ofis. Ni, Lawwali, malamin kifi, ni kaɗai na yi kwas ɗinta. Tana aika sauti ƙarƙashin ruwa, allura tana zana abin da ya dawo a kan takarda. Masunta sun cika bakin dam. Baba Rabo, shugabansu, ya leƙa ya ce, "Yanzu kifi ma sai da takarda?" Aka yi ta dariya. Za su gani.

Alhamis, 10 ga Maris
Mun fita a kwale-kwalen Baba. Na nuna masa: baƙin layin ƙasa gindin ruwa ne. Mai kama da gira, babban kifi. Mai kama da hayaƙi, garken ƙanana. Karfasa kwando biyu! Sai taku nake kamar D.O.

Asabar, 12 ga Maris
Wajen yamma da dam allura ta zana wani baƙin tuli, ƙafa ashirin ƙasa. Na ce a zuba taru. Baba ya ce, "Malam, ba kifi ba ne, mu tahi." Na tuna masa ni ke da satifiket. Aka zuba. Sabon tarun ƙungiyar masunta ya maƙale, ya fito a yage, da reshe a ciki. Suka naɗe shi kawai, muka juyo. Gara ma su zage ni.

Lahadi, 13 ga Maris
Ban fita ba. Ciwon kai, wai.

Talata, 15 ga Maris
Baba ya same ni da kansa, ya ce in kawo takardar da allura ta zana ran Asabar. Ya daɗe yana dubawa. "Tsamiyar gonar ubana ce, tun kafin ruwa ya ci wurin. Ashe tana nan tsaye." Ya ɗora yatsa a wani rami gefe. "Ga rijiyarmu. Tarwaɗa nan suke kwana, amma sai da ƙugiya ake kama su." Ya roƙi in yanka masa wurin tsamiyar, ya soke a hula. Yinin nan ɗinkin taru muka yi. Yatsuna!

Juma'a, 25 ga Maris
Tarwaɗa tara daga rijiyar. Har muka kai tsakiyar dam ban kunna na'ura ba, ina jin Baba yana lissafa gonar wane da wane da muke bi ta kai. Mantuwa ce kawai. Shi ne ma ya taɓa ni: "Malam, kunna mana mu ga gida."